Bayan An Rufe Famfon Rasha: Yadda Turai Ke Lissafin Wuta, Tsaro da Yanayi

A ranar 26 ga Satumba 2022, na'urorin auna girgizar ƙasa na Denmak da Suwidin suka ɗauki ƙarar fashewa a ƙarƙashin Tekun Baltik, daura da tsibirin Bornholm. Hotunan da suka biyo baya sun nuna saman ruwa yana ta ɓulɓula kamar tukunyar da aka manta a kan wuta. Uku daga cikin bututai huɗu na Nord Stream, waɗanda aka shimfiɗa don kai iskar gas daga Rasha zuwa Jamus, sun tarwatse. Sai dai a ranar ko kaɗan gas ba ya bi ta cikinsu zuwa Jamus, domin kamfanin Gazprom na Rasha ya riga ya rufe famfo tun ƙarshen Agusta da sunan gyara. Fashewar ta zo ne ta binne cinikin da ya riga ya mutu, cinikin da ya yi shekara hamsin yana riƙe da masana'antun Turai.

Cinikin ya samo asali ne a 1970, zamanin shugaban gwamnati Willy Brandt, lokacin da Jamus ta Yamma ta ƙulla yarjejeniya da Tarayyar Sobiyat: Jamusawa su ba da manyan bututun ƙarfe da bashin banki, Sobiyat ta biya da gas. A 1973 gas ɗin ya fara isowa. Amurka ba ta taɓa jin daɗin abin ba. A farkon shekarun 1980 Ronald Reagan har takunkumi ya ƙaƙaba don hana shimfiɗa wani sabon bututu daga Saiberiya, Turawa suka yi kunnen uwar shegu da shi. Hujjarsu ita ce, ko a lokacin da yaƙin cacar baka ya fi zafi, Mosko ba ta taɓa hana su gas ba, kuma wanda kake ciniki da shi ba zai so ya ƙona rumfarka ba. A kan wannan tunani aka zauna har 2021, shekarar da kusan kashi 45 cikin 100 na gas ɗin da Tarayyar Turai ke sayowa daga waje ya fito daga Rasha. A Jamus kuwa ya haura rabi.

Duk gwamnatin da ke tsara manufar makamashi, girki take yi a murhu mai duwatsu uku. Tana son wuta mai araha, don kada talaka da mai masana'anta su yi kuka. Tana son wutar da wani ba zai iya kashe mata ba ranar da suka ɓata. Tana kuma son wadda ba ta cika sama da hayaƙin da ke ɗumama duniya. Da wuya a samu dukan ukun a lokaci guda, kuma amfanin gas ɗin Rasha ga Turai shi ne ya ɗauke mata nauyin zaɓi. Yana da araha, hayaƙinsa bai kai na kwal ba, dutse na uku kuwa, wato tsaro, aka ce ai abota ta wadatar. Da wannan ne shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, Angela Merkel, ta samu ƙarfin guiwar yanke shawarar rufe tashoshin nukiliya bayan haɗarin tashar nukiliyar Fukushima ta Japan a 2011, aka kuma yi dokar daina ƙona kwal nan da 2038. Gas ne aka ce zai zama gadar da za a bi a tsallaka zuwa zamanin hasken rana da iska. Ba a tsaya an tambayi a hannun wa ƙarshen gadar yake ba.

Kuma ba wai ba a ga alamu ba. A Janairun 2006, da kuma Janairun 2009, rigimar farashi tsakanin Rasha da Yukiren ta sa an rufe bututu. A karo na biyun Bulgeriya da Sulobakiya sun yi kusan mako biyu cikin tsananin hunturu babu gas. A 2014 Rasha ta ƙwace Kirimiya, amma shekara ɗaya kacal bayan haka aka sa hannu a kan Nord Stream na biyu. A wannan shekarar ta 2015 ne kuma rumbun ajiyar gas mafi girma a Jamus, wanda ke Rehden, ya koma hannun Gazprom gaba ɗaya ta hanyar musayar kadarori. Da yaƙi ya ɓarke a Fabrairun 2022, aka leƙa rumbun aka tarar kusan wayam. Tsohon shugaban gwamnatin Jamus Gerhard Schröder, wanda a ƙarshen mulkinsa aka ƙulla Nord Stream na farko, bai jima da sauka daga kujera a 2005 ba ya karɓi muƙami a kamfanin bututun. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Waɗanda suka san Mosko ciki da bai ba su ruɗu ba. Lituweniya ta kawo jirgin karɓar gas tashar Klaipeda tun 2014, ta raɗa masa suna 'Yanci. Folan ta gina tashar karɓar gas a gaɓar tekunta, ta kuma ja bututu daga Norwe ta cikin Denmak, wanda aka buɗe kwana ɗaya bayan fashewar Nord Stream. Shekaru ana yi musu kallon masu tsoron inuwarsu. Mai kwarmin ido dai da wuri yake fara kuka.

Abin da ya faru a 2022 ba ya buƙatar dogon bayani. A Afrilu Gazprom ya yanke wa Folan da Bulgeriya gas saboda sun ƙi biya da kuɗin Rasha. Daga Yuni ya riƙa rage na Jamus kaɗan-kaɗan har ya tsaya cak. Farashin gas a kasuwar Holan, wadda ita ce ma'aunin Turai, wanda a da yake yawo wajen yuro 20 a kan kowane megawat na awa ɗaya, ya haura yuro 300 a ƙarshen Agusta. Gwamnatin Jamus ta ware yuro biliyan 200 don rage wa jama'a da kamfanoni raɗaɗi, ta karɓe Uniper, babban mai sayo gas na ƙasar, kafin ya durƙushe. Ƙasar da ta shahara da jan ƙafa wajen ba da izinin gini ta kammala tashar karɓar gas ta Wilhelmshaven cikin ƙasa da kwana 200. An rage zafin ofisoshin gwamnati, an kashe fitilun ado, an tada tsofaffin tashoshin kwal. Allah kuma ya kawo hunturu mai sauƙi.

Turai ta tsira, amma da ƙarfin aljihu ta tsira. Gas ɗin da ake sanyayawa ya zama ruwa a loda a jirgi, wato LNG, kayan gwanjo ne: wanda ya fi taya shi ke ɗauka. Jiragen da a da suke nufar Pakistan da Bangaladash suka juya akala zuwa Turai, mutanen Karachi da Dhaka suka sha duhu. Wannan ɓangaren labarin ba a cika jin sa a bakin masu yabon jajircewar Turai ba.

Yanzu Norwe ce ke kan gaba wajen bai wa Tarayyar gas, tana kawo kusan kashi ɗaya cikin uku. Amurka ce babbar mai kawo LNG, ga Aljeriya, ga Katar, ga Azarbaijan. A Yulin 2025, cikin yarjejeniyar haraji da Donald Trump, Tarayyar ta yi alkawarin sayen makamashin Amurka na dala biliyan 750 cikin shekara uku, adadin da masana kasuwa da yawa suka ce ba zai yiwu ba. Ko ma dai bai yiwu ba, alkawarin kansa ya nuna inda sabuwar igiyar take ɗaure. Ba zan ce an yi gudun gara an faɗa gidan zago ba, domin jirgi ba bututu ba ne. In wani mai sayarwa ya yi maka yanga, kana iya neman wani. Amma wannan 'yancin zaɓi yana da tsada, kuma ya jefa Turai cikin kasuwar da sanyi a Sin ko rikici a Tekun Fasha ke iya tada farashinta cikin dare ɗaya.

Ita ma Rasha ba ta fita kwata-kwata ba. Gas ɗin da ke bi ta Yukiren ya tsaya ranar 1 ga Janairu 2025 da wa'adin yarjejeniya ya cika, amma bututun da ya ratsa Turkiyya yana aiki, Hangare da Sulobakiya suna sha daga gare shi, jiragen LNG na Rasha kuma sun ci gaba da sauke kaya a Faransa da Beljiyam da Sifaniya. An tsayar da ƙarshen 2027 a matsayin lokacin da za a rufe wannan ƙofa gaba ɗaya, Hangare da Sulobakiya suka yi ta turjiya.

Faransa ta bi wata hanya daban tun bayan girgizar farashin mai ta 1973. Ta gina tashoshin nukiliya har suka kai suna ba ta wajen kashi biyu cikin uku na lantarkinta, ta daɗe tana taƙama da cewa babu mai riƙe mata wuya. Sai ga shi a 2022, daidai lokacin da aka fi buƙatar su, an gano tsatsa a bututan wasu injinan, kusan rabinsu suka tsaya, ƙasar da ta saba sayar wa maƙwabta wuta ta koma saye, karo na farko cikin sama da shekara 40. Sabon injin Flamanville, wanda aka fara ginawa a 2007, sai Disambar 2024 aka jona shi da layin wuta, bayan jinkirin shekara 12 da kuɗin da ya ninka kusan sau huɗu. Duk da haka Emmanuel Macron ya yi alkawarin gina sabbin injina shida, yayin da maƙwabciyarsa Jamus ta kashe ukun da suka rage mata ranar 15 ga Afrilu 2023, ana tsakiyar ƙarancin wuta. A ganina wannan shi ne kuskuren da ya fi wuyar karewa a duk tafiyar: rufe tashar da ba ta fitar da hayaƙi alhali ta kwal tana ci.

Shi ma nukiliya da nasa igiyar. Yuraniyom ba a Faransa ake haƙo shi ba. A 2022 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗanyen yuraniyom ɗin da Tarayyar Turai ta saya daga Nijar ya fito, daga ramukan Arlit, ƙasar da mafi yawan mutanenta ba su da lantarki a gida. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, gwamnatin soja ta janye wa kamfanin Orano na Faransa lasisin mahaƙar Imouraren a Yunin 2024, sannan a Yunin 2025 ta mayar da Somaïr, kamfanin da ke haƙa a Arlit, mallakar ƙasa. Fitilun Faris ba su mutu ba, domin yuraniyom abu ne da ake iya tarawa na shekaru, amma ba banza ba Macron ya garzaya Kazakistan da Uzbekistan watanni kaɗan bayan juyin mulkin. A gabashin Turai kuwa akwai tashoshi ƙirar Sobiyat da suka daɗe suna dogara da kamfanin Rosatom na Rasha, wanda yanzu haka shi ke gina wa Hangare sabbin injina a Paks.

Sai batun yanayi, wanda ga Bature ya daina zama labarin jikoki. Turai ce nahiyar da ta fi kowace saurin ɗumama, kusan ninki biyu na matsakaicin duniya. Ambaliyar Yulin 2021 ta kashe sama da mutum 180 a Jamus, mafi yawansu a kwarin kogin Ahr. Ta Balensiya da ke Sifaniya a Oktoban 2024 ta ci fiye da 220. Zafin bazarar 2022 an ƙiyasta ya yi ajalin sama da mutum 60,000. A wannan bazarar ce kogin Rhine ya janye har jiragen da ke dakon kwal suka kasa ɗaukar cikakken lodi, ruwan kogunan Faransa kuma ya yi ɗumin da ya takura wa tashoshin nukiliyar da ke sanyaya injina da shi. Wato zafin da makamashi ya haifar ya dawo yana cin makamashin.

Dokar Tarayyar ta 2021 ta wajabta rage hayaƙi da kashi 55 cikin 100 nan da 2030, in aka gwada da na 1990, sannan a 2050 kada a fitar da fiye da abin da za a iya zuƙewa. An kuwa yi nisa: ragin ya haura kashi ɗaya cikin uku, a 2024 kusan rabin lantarkin Tarayyar ya fito ne daga iska da rana da ruwa da makamantansu, kuma a shekarar ce hasken rana ya fi kwal ba da wuta a karo na farko. Yaƙin ya ba wa wannan tafiya wata sabuwar hujja. Kwana uku da fara mamaye Yukiren, ministan kuɗin Jamus na lokacin, Christian Lindner, wanda babu mai zarginsa da soyayyar 'yan kare muhalli, ya tsaya a majalisa ya kira makamashin iska da rana makamashin 'yanci. Yana da gaskiya. Babu shugaban da zai iya rufe famfon rana.

Amma rana tana faɗuwa, iska tana lafawa. Jamusawa har suna gare su na musamman ga kwanakin hunturu masu duhu da babu iska. Irin waɗannan kwanaki sun zo a Disambar 2024, farashin lantarki a kasuwar sari ta Jamus ya haura yuro 900 a kan kowane megawat na awa ɗaya, na ɗan lokaci. A nan ya kamata a fahimci yadda ake yanka farashi a kasuwar wutar Turai. Ana fara ɗaukar wuta mafi araha, a yi ta hawa har buƙata ta cika, sannan a biya kowa da farashin tashar ƙarshe da aka kira. Kamar a ce a kasuwar hatsi duk buhunan da aka sayar a yini a biya su da kuɗin buhu mafi tsada. Tunda tashar gas ce galibi ke zuwa a ƙarshe, gas ne ke yanka wa kowa farashi, ko da kason da ya bayar kaɗan ne. Kuma da yake layukan ƙasashen a haɗe suke, tsadar Jamus ta tsallaka ta faɗa wa mutanen kudancin Norwe da Suwidin, waɗanda ke da wutar ruwa mai yalwa. Ransu ya ɓaci matuƙa. A Janairun 2025 gwamnatin haɗakar Norwe ta rabe a kan dokokin makamashi na Tarayyar.

Babbar matsalar ma ba ta samar da wutar ba ce, ta dakonta ce da adana ta. Iskar Jamus tana arewa, masana'antu suna kudu. Layin SuedLink mai tsawon kimanin kilomita 700 da zai haɗa su ya kamata a gama shi a 2022. Mutanen jihar Babariya da ke kudu suka ce ba sa son turakan wuta su ɓata musu gani, aka koma binne waya a ƙasa, yanzu maganar 2028 ake yi. A ranar 28 ga Afrilu 2025 kuwa, da tsakar rana, wuta ta ɗauke a Sifaniya da Fotugal baki ɗaya, jiragen ƙasa suka tsaya, wayoyi suka yi shiru. Mu da muka saba da durƙushewar babban layin wuta mun ɗan yi murmushi, amma a can girgiza ce. Masu adawa da sola suka yi caraf suka ɗora mata laifi. Rahoton gwamnatin Sifaniya ya ce ƙarfin wutar ne ya hau fiye da kima, tashoshin da aka tanada don daidaita shi kuma ba su wadatar ba. Ko ta wane ɓangare aka duba, layukan da aka tsara don 'yan manyan tashoshi ne ake ɗora wa dubban ƙanana, ba a kuma kashe kuɗin da ya kamata wajen gyara su ba.

Farantan solar da batura kuma daga ina? Sama da kashi 80 cikin 100 na harkar ƙera farantan sola a duniya tana hannun Sin, haka ma mafi yawan maganaɗisun da injinan iska da motocin lantarki ke buƙata. Northvolt na Suwidin, wanda aka ɗora wa burin zama gwarzon batura na Turai, ya karye a Maris 2025. Bambancin dai shi ne, faranti in ka saya ka kafa zai yi maka shekara 25 yana aiki ko kun ɓata da mai sayarwa, gas kuwa kullum sai ka koma ka sayo. Wayoyin da ke ƙarƙashin teku su ma sun zama abin fargaba: a Oktoban 2023 ƙugiyar wani jirgi ta yage bututun gas da ke tsakanin Finlan da Istoniya, ranar Kirsimetin 2024 kuma aka yanke wayar lantarkin da ta haɗa ƙasashen biyu. Duk da haka, a Fabrairun 2025 ƙasashen Baltik uku, Istoniya da Latbiya da Lituweniya, suka cire kansu daga layin wutar Rasha suka jona da na Turai.

Inda siyasar ta fi zafi shi ne wajen biya. Ƙarin harajin man fetur ne ya fito da masu zanga-zanga sanye da riguna ruwan ɗorawa titunan Faransa a Nuwamban 2018. Dokar sauya tukunyar ɗumama gida ta 2023 ta jijjiga gwamnatin Jamus, domin ta shiga har cikin ɗakin mutum ta ce masa ga abin da zai saya. A farkon 2024 manoma suka toshe birane da tarakta. Jam'iyyun masu tsattsauran ra'ayi sun gane cewa takardar kuɗin wuta ta fi kowane jawabi kawo ƙuri'a. Masu masana'antu ma kukan suke yi: rahoton tsohon firaministan Italiya Mario Draghi na Satumban 2024 ya ce kamfanonin Turai suna biyan lantarki ninki biyu zuwa uku na abin da takwarorinsu na Amurka ke biya, gas kuwa ninki huɗu zuwa biyar. Kamfanin sinadarai na Jamus, BASF, ya rufe wasu sassan katafariyar masana'antarsa ta Ludwigshafen a daidai lokacin da yake zuba kusan yuro biliyan 10 a sabuwa a kudancin Sin. Ana cikin haka ƙasashen NATO suka amince a Yunin 2025 su kai kuɗin tsaro kashi 5 cikin 100 na arzikin ƙasa nan da 2035. Lalita ɗaya ce za ta sayi tankar yaƙi, ta ja wayar wuta, ta kuma biya fansho. Shi ya sa a 'yan shekarun nan ake ta sassauta dokokin muhalli a Burasels, hedikwatar Tarayyar, a hankali, ba tare da an fito an ce an janye ba.

Mu a nan Afirka, abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne baki biyun da Turai ke magana da shi a kan gas. A taron yanayi na Gilasgo a 2021, ƙasashen Turai da dama sun yi alkawarin daina ba da kuɗin gwamnati ga ayyukan mai da gas a ƙetare. Watanni kaɗan bayan haka Draghi, yana firaministan Italiya, ya sauka Aljiyas neman ƙarin gas, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin Olaf Scholz ya je Dakar da irin wannan buƙata, majalisar Turai kuma ta bar gas da nukiliya suka shiga jerin jarin da ake yi wa kallon mai sauƙin illa ga muhalli. A Yulin 2022 ministocin Najeriya da Nijar da Aljeriya suka sake sa hannu a kan bututun da zai ratsa Sahara, mai tsawon sama da kilomita 4,000, wanda aka yi fiye da shekara 20 ana maganarsa, wanda kuma bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano zai zama wani yanki nasa. Mai son zuba kuɗi a irin wannan aiki dole ya tambayi wa zai saya nan da shekara 25, domin gas ɗin da Turai ke sha ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar tun 2021, dokarta kuma ta ce a 2050 zance ya ƙare. Sai dai a Oktoban 2023, kamfanonin mai na TotalEnergies da Shell da Eni kowannensu ya sa hannu da Katar a kan yarjejeniyar shekara 27, don kai gas Faransa da Holan da Italiya daga 2026. In ka haɗa lissafin, jirgin ƙarshe zai sauke kayansa ne a 2053.